Sunan Mariyama a Ranar Fet

Mahdi yana da murya, wannan ko wanda ba ya ƙaunarsa ba zai musa ba. In ya zauna yana magana a ɗan gidan rediyon nan na Keita, sai ka rantse wani ƙato ne mai tumbi, alhali siriri ne kamar karan dawa. Shirinsa na hantsi shi ne na tuna wa mutane abin da ya faru a rana irin ta yau a shekarun baya. Babu kuwa ranar da yake ɗoki kamar sha takwas ga Disamba, don rana ce mai kaya. Ita ce ranar Jamhuriya, wadda mutanen ƙauye suke kira ranar fet, ita ce ranar 'yan ci-rani ta duniya, ita ce kuma ranar harshen Larabci. Mai son surutu ya samu abin yi.

Ana saura kwana kaɗan, sai ga Gwaggo Biba ta iso daga ƙauyensu na wajen Garhanga. Ƙanwar ubansa ce, ita ta riƙe shi tun yana rarrafe bayan rasuwar uwarsa. Ba ta zuwa gari don banza, kuma ba ta iya kewaye-kewaye ba.

"Mahdi, kai ka zancen ranakku cikin radiyo, ko?"

"Ni na, Gwaggo."

"To, ranar fet akwai namu. Madatsar dutsin nan da ka tare muna ruwa bisa hwadama, ranar fet munka ƙare ta. Masu duba aiki sun tahi gari kallon biki, maza suna ci-rani. Mariyama tac ce ba mu zama jiran kowa. Munka yini ɗaukar dutsi bisa kai, ita ta aza na ƙarshe. Yanzu idanunta sun tahi, ƙahwahu sun ƙi. So nike ta ji sunanta cikin radiyo."

Mahdi ya san Inna Mariyama, ƙawar gwaggonsa, ya sha furarta ba iyaka. Ya dafa ƙirji ya ce an gama, har da cewa shi zai tsara maganar yadda za ta yi daɗi. Biba ta ce za ta tara mata a ɗakin Mariyama su saurara, ta ɗauki ƙwaryarta ta tafi.

Ranar ta zo, ta zo masa da baƙo. Shugaban gidan rediyon ya gayyato Abdulwahab, malamin tarihi daga Tawa da ake ce wa Mushe, yadda ake kiran malaman boko, mutum mai tabarau da sanyin magana, wanda ba ya haɗa jimla uku ba tare da ya yayyafa Faransanci ba. Suka yi ta Jamhuriya, yadda aka kafa ta da waɗanda suka tsaya a kai. Suka yi ta 'yan ci-rani, mutanen Adar da suka bazu daga Abijan har Libiya. Suka yi ta Larabci da makarantun allo. Mahdi ya ji kansa ya kumbura, shi ma ya shiga jefa Faransanci don kada baƙo ya zaci da ɗan ƙauye yake magana.

Lokaci bai ƙure ba. Wannan ya kamata a faɗa, don daga baya Mahdi ya so ya yaudari kansa da cewa lokaci ne. Akwai sauran fili, maganar kuma tana bakinsa. Sai ya dubi tabaran nan, ya auna yadda za ta fito: bayan Jamhuriya da duniya, a ce wasu mata sun jera duwatsu a ƙauye. Kunya ta kama shi, kunyar banza. Ya juya ya sake yi wa baƙo wata tambaya a kan tsarin mulki, baƙo ya gyara zama ya cinye sauran lokacin.

Aka fito, kowa yana yaba shiri. Mahdi yana murmushin yaƙe. Ya yini yana duban waya, yana jiran Gwaggo ta sa a kira mata shi ta wanke shi tas. Da ta yi haka da ya samu sauƙi. Wayar ba ta yi ƙara ba.

Washegari ya hau babur ya nufi ƙauye. Hanyar ta bi ta gefen madatsar, ga albasa kore shar a ƙarƙashinta, ya kau da kai. Ya zo da shirin a zage shi. Amma yana tsayawa mata suka fito da fara'a, wata har da guɗa, suka ja shi kai tsaye ɗakin Mariyama.

Tsohuwar tana kwance a tabarma, ta ƙanƙance har ba ka ce ta taɓa ɗaukar ko tulu ba. Biba na zaune a gefe tana tsince wake, ba ta ɗaga kai ba. Mariyama ta lalubo hannunsa ta riƙe.

"Ɗan Biba, Allah shi yi ma albarka. Radiyon gwaggonka ya ci amanarmu, pil ɗin, batiran nan, sunka mutu ana gab da zuwa wurin. Amma tac ce ba shakka ka hwaɗi, ƙasa duk ta ji." Ta ɗan numfasa. "To ni ban ji ba. Hwaɗa min awa yadda ka hwaɗe shi jiya."

Mahdi ya dubi Biba, Biba tana duban wake. Bai taɓa jin ya raina kansa kamar lokacin ba. Ya gyara murya, ya saki wadda yake saki a rediyo, ya ce a rana irin ta yau matan ƙauyen nan suka kammala madatsar da ta mai da ruwa fadama, ba namiji ba mai duba aiki, kuma Mariyama ce ta ɗora dutsen ƙarshe. Ya faɗe shi da kyau, abin haushin ke nan. Mata suka yi guɗa. Tsohuwar ta yi dariya ba haƙori, hawaye na bin kuncinta, ta ce ya sake, ya sake.

Da zai tafi Biba ta rako shi bayan danga. Nan ne ta dube shi.

"Pil ɗin sabbi na," ta ce. "Da nij ji ka koma Hwaransanci da baƙonka, nis san inda ka nuhwa. Ni na goye ka. Sai nim murɗe radiyon tun ba su gane ba."

"Gwaggo, ki yahe min. Gobe da sahe sai in hwaɗi, da shi za ni buɗe shiri."

"Ka hwaɗi gobe, ta san ƙarya niy yi mata. Da tsuhwana ka sa niy yi ƙarya, ka bar min ita ta zauna."

Ya rasa inda zai sa idonsa. Can ya ce, a hankali, to baɗi in Allah ya kai mu, ranar fet, kafin Jamhuriya ma zai fara da ita.

Biba ta gyara lulluɓinta.

"Baɗi," ta ce. "Ka ji nauyin hannun da ya riƙe ka ɗazu?"

Ba ta jira amsa ba, ta koma ciki wajen ƙawarta.