Sunan Hure a Ƙirjin Wata

"Alhaji, a cire mata kayan nan," in ji Basiru.

"A cire? Har Ɗambatta na tura aka aro su. Kai dai tsare raga ka sani."

Alhaji Badaru, shugaban ƙungiyar ƙwallo ta Zakarun Kwari, ya sunkuya ya gyara wa 'yar ƙanensa Rahmatu wurin ado da aka ɗaura mata a goshi. An sa mata farar rigar saƙi ta Fulani, an ɗora mata ƙwaryar da ko ɗigon nono babu a ciki. A ƙirjinta an maƙala takarda da fil, an rubuta HURE MIKA'ILU. Rubutun Basiru ne. Jiya da yamma ya yi shi.

Wata bakwai ke nan yana koyar da yara a ƙarƙashin darbejiyar bakin fili. Shi ne golan ƙungiya, shi kaɗai ne kuma ya gama sakandare. Tsarin ba wuya: karatu awa ɗaya, sannan ƙwallo, sannan kunu idan an samu gero. A bana da yawansu kunun ke kawo su, ya sani. Akwai 'ya'yan manoma, da tagwayen Emeka mai kemis, da yaran da suka gudo daga Katsina saboda 'yan bindiga, da Fulani huɗu daga rugar bayan rafi. Hure ce babbarsu, shekararta tara. Da ta zo ko fensir ba ta iya riƙewa. Yanzu kwalin magani ma idan ta tsinta sai ta karance shi.

Yau baƙi za su zo daga Kano. Sun ce za su ɗauki nauyin karatun yara huɗu, ɗaya daga kowane ɓangare. Basiru ne ya aika sunayen. Shi ya taka har ruga, ya durƙusa gaban Mika'ilu, mahaifin Hure. Mutumin ya daɗe yana kallon shanunsa kafin ya ce, idan mutanen birni suka zaɓe ta, ta tafi. Idan ba su zaɓe ta ba, ta koma tallan nono, maganar boko ta ƙare.

"Shanun Fulani sun shiga gonar Sama'ilu shekaranjiya," in ji Alhaji. "Gero ya fara kai, a wannan yunwar. Kana so in tsayar da 'yarsu gaban jama'a a tafa mata? Gobe wa zai ba mu fili?"

"Ba shanun Mika'ilu ba ne."

"Duk ɗaya ne. Na aika na ce kada ɗansu ko ɗaya ya zo yau."

"To a goge sunan."

"Baƙi suna son su ga Bafulatana. Ga Bafulatana." Ya dafa kan Rahmatu. "Ke, me za ki ce?"

"Jam," in ji yarinyar, gaisuwar Fulatancin da aka koya mata ke nan, tana wasa da wurin.

Basiru ya ji yawu mai ɗaci ya taru masa a baki. Ya juya ya tofar a gindin bishiya.

"Ka tofar da kyau," in ji Alhaji. "Amma idan ka buɗe baki suka juya da motarsu, yaran Katsina ma sun rasa. Kai za ka je ka gaya wa uwayensu."

Da hantsi farar mota ta iso. Wata Hajiya mai tabarau ta sauko, da saurayi mai kyamara. Aka jera yara, aka ba kowa sabuwar riga mai lamba a baya. Tagwayen Emeka aka ɗaura musu zani a kan wandonsu, su da aka haifa a garin nan, Hausarsu ta fi ta Basiru. Kyaftin ɗin 'yan wasa ya rera taken ƙungiya. Alhaji ya yi jawabi a kan zaman lafiya, ya ce ƙwallo ba ta san ƙabila ba. Aka tafa. Basiru ma ya tafa, sai ya tsaya yana kallon tafukansa.

"Masha Allah, ga 'yar Fillo kyakkyawa," in ji Hajiya. "Matso da ita tsakiya."

A lokacin ne Basiru ya hango Hure. Ta fito daga cikin gero ta hanyar rafi, ƙafafunta duk laka, littafinta a cikin leda ta rungume. Ko saƙon bai same ta ba, ko ya same ta ta ƙi ji. Ta ratsa bayan raga, ta wuce 'yan wasa, ta tsaya daf da Rahmatu. Mai kyamara ya yi mata hannu ta kauce. Ba ta gan shi ba. Takardar take kallo.

Ta ɗaga yatsa, kamar yadda Basiru ya koya mata, tana bin baƙaƙen ɗaya ɗaya. Leɓɓanta suna motsi.

"Hu, re. Mi, ka, i, lu."

Hajiya ta sauke tabarau. Alhaji ya yi gyaran murya. Basiru yana tsaye, alli a hannunsa ya karye biyu.

Hure ta waiwayo ta neme shi cikin mutane har ta same shi.

"Malam, daidai na karanta?"