Garin Zinariya a Kan Kek

Kwalbar ba ta nan. Yaya ta taka kujera ta shafa saman wadirob, ba ta taɓo komai ba sai ƙura.

Ita ke kula da ɗakin gwaje-gwaje a wata sakandare. Watannin baya ta yi wa ɗalibai gwajin da suka fi so. Ta zuba ruwan sinadarin aidin cikin na dalma, dukansu garau kamar ruwan famfo, nan take haɗin ya koma rawaya. Ta ɗora a wuta ya narke, da ya huce sai ga ƙyalƙyali yana zubowa cikin gilashin kamar zinariya. Gishirin dalma da aidin ke nan, ga kyau, ga guba. Ta ga idon ɗalibai na kansa, kwaɗon kabad kuma ya lalace, sai ta tace shi ta shanya, ta juye a tsohuwar kwalbar man shafawa, ta zo da shi gida ta ɓoye.

Ta diro daga kujerar ta yi kicin. Ƙanwarta Auta, mai sana'ar kek, tana sunkuye da ɗan buroshi. Ƙananan kek jere a faranti, sai sheƙi suke.

"Auta, me kike shafa musu?"

"Au, an kama ɓarauniya!" Auta ta tuntsire da dariya. "Ke dai Yaya akwai rowa. Garin ado mai kyau haka ki ɓoye? Tun da na fara sa shi iyayen yara rububi suke."

"Tun yaushe?"

"Tun hutun da ya wuce. Lafiya? Kin ga fuskarki kuwa?"

Yaya ta hango kwalbar a gefen farantin, ta fizge ta. Saura ɗan kaɗan a gindi.

"Dalma ce, Auta. Guba ce. In kin gama, wa ke lashe buroshin?"

Dariyar ta ɗauke. Auta ta waiwaya falo, inda 'yarta Bebi ke kwance dafe da ciki. Yarinyar ta daɗe tana kukan ciwon ciki, ta rame, surutun nan nata duk ya tafi. Maganin tsutsa suke ta ɗura mata.

Yaya ta durƙusa ta ja fatar idon yarinyar ƙasa. Fari fat.

"Ɗauko mayafinki, asibiti. Ki taho da wayarki, duk wanda ya taɓa saya sai mun kira shi."

"Yaya, za ta warke ko? Don Allah ki ce za ta warke."

Yaya ta saɓa Bebi a kafaɗa, ta ji ta sakayau. Ta san likita zai iya rage dalma a jini, amma ɓarnar da ta yi a ƙwaƙwalwar yaro ba ta gyaruwa.

"Buɗe ƙofar," ta ce.