Sunan da Dodo Ya Sani

Zinatu ta cusa ƙafa cikin taksin tun bai gama tsayawa ba, direba yana ta faɗin "Doucement, madame!", wai ta bi a hankali. Ko kallonsa ba ta yi ba. Ta bar wa maƙwabciyarta rumfar atamfa a kasuwar Parakou, kuma ta kasa tuna ko ta kulle ƙofar gidanta a unguwar Ganou. Muryar surukarta ce kawai a kunnenta, Hajiya Ummuhani, a waya daga Djougou: "Maigidana fa ba ya barci. Dodo yake gani. Ya rame, sai idanu."

Maigidan nan na Hajiya jikanta ne, Imran, ɗan shekara biyar, ɗan farin Zinatu. Ana yaye shi aka kai shi wurin kakarsa, yadda ake yi a gidansu tun zamanin kakanni fataken goro. Da yake ɗan fari ne, kunya ta hana Zinatu kama sunansa. "Yaron nan" take cewa, ko "kai". In ta je Djougou sai ta yi ta wasa da 'ya'yan mutane, nata kuwa ta bi shi da wutsiyar ido. Dangin miji suna yabonta, wai ta san alkunya. Yabo dai ba ya hana kewa, kuma Zinatu tana kewar ɗanta sosai.

Direban ya zama mai sada zumunci. Ya tsaya ɗaukar doya, ya tsaya gaida wani aboki, ya tsaya sauke akuya. Zinatu ta gyara ɗankwali, ta kwance, ta sake ɗaurawa. Ta kira mijinta Awalu, wanda ke kan hanyar Malanville da babbar mota.

"Ai duk yara haka suke," in ji shi. "Ça va passer."

Ta kashe wayar. Wanda bai ji zafin naƙuda ba, komai a wurinsa mai wucewa ne.

Bayan la'asar ta isa. Hajiya na tsakar gida tana zaɓen goro, tana yayyafa wa ganyen ruwa. Zinatu ta durƙusa ta gaishe ta, aka bi gida da kasuwa da gajiyar hanya ɗaya bayan ɗaya, ita kuwa idonta na can gindin bango inda yaron ya takure yana kallon rana tana sauka.

"Babu abin da ban yi ba," in ji Hajiya. "An sha rubutu, an ɗaura laya, na bar fitila a kunne har asuba. Ni fa cewa kawai na yi, in ya ji an kira sunansa da dare kada ya amsa, kamar yadda aka gaya mana muna yara. Shi ke nan, mijin nawa ya sa abin a ransa."

Zinatu ta matsa kusa da shi, ba can kusa ba, daidai inda ba za a ce ta yi rashin kunya ba. Ta fito da tocilar da ta saya a tasha.

"Kai, karɓi. In ka haska, Dodo guduwa yake."

Bai miƙa hannu ba. "Ba ya tsoron wuta, Tanti."

Hajiya yake kira Inna, ita kuwa Tanti yake ce mata, kamar yadda yake ce wa kowace baƙuwa. Ta haɗiye wannan ma.

"To me yake yi maka?"

"Kirana yake. Ya san sunana." Ya ɗago idanunsa da suka yi ja don rashin barci. "In ya tafi da ni, Inna ba ta iya gudu. Baba ba ya nan. Ke kuma ba ki san sunana ba. Yaya za ki neme ni?"

Hannun Hajiya ya tsaya a kan goro. Matan gidan biyu da ke tankaɗe a ƙofar kicin suka ajiye rariya. Zinatu ta san in ta buɗe baki, kafin sallar isha'i labarin ya kai garin Sérou, wurin 'yan'uwan Awalu: matar Parakou ta zubar da kunya a gaban uwar miji. Daga masallacin unguwa ladan ya fara gyaran murya, yaron kuwa ya ƙanƙame gwiwoyinsa, don ya san dare ya kusa.

Ta sa gwiwa a ƙasa, ta kama kafaɗunsa. Ƙashi ne kawai.

"Imran," ta ce. Sai ta sake, da ƙarfi, har matan kicin suka ji. "Imran. Na san shi tun kafin Dodo ya sani. Duk inda ya kai ka, da shi zan kira ka har sai ka amsa."

Can Hajiya ta ɓare goro, ta jefa rabi a baki.

"Ni dai kunnuwana sun tsufa," ta ce wa matan. "Ku kuma ga magariba ta yi, ku tashi ku yi alwala."

Yaron ya kwantar da kai a cinyar Zinatu, ya riƙe bakin zanenta gam. Idanunsa suka fara lumshewa, sai ya yi firgigit ya buɗe su.

"Sake faɗa," ya ce.