Tsakin Sabon Zarto

Iskar farkon damina ce ta karya babban reshen mangwaron gidan Yaya, ta kwantar da shi a kan katanga, ganye suka rufe tagar kicin ruf. Yaya ya yi tafiya, sai ya bugo wa ƙaninsa waya ya ce ya nemo masu saran itace.

Auta bai nemo kowa ba. Direban motar ma'aikata ne, ya haura arba'in, furfura har ta fara leƙowa a gemunsa, amma a gidan nan har gobe Auta ne, kuma kowa ya san shi da son inji. Ya daɗe yana wucewa ta gaban wani shago yana haɗiyar yawu a kan zarton inji, mai sarƙa da haƙora, ga shi yanzu dalili ya samu. Ranar hutunsa ya shigo da kwali a kafaɗa, yana tafiya kamar wanda ya ciwo kofi.

Matar Yaya tana baranda da keken ɗinkinta. Tun yana makaranta ta shigo gidan, don haka babu wautarsa da ba ta sani ba.

"Ina masu saran?" ta ce.

"Ga shi a gabanki, Anti. Ki dai toshe kunne."

Ya haɗa fetur da man inji daidai yadda mai shago ya nuna masa, ya cika tanki, ya ja igiya. Injin ya tashi da ƙara, kaji suka watse. Da ya ɗora haƙoran a kan reshe, garin itace ya riƙa feshi, Auta ya ji daɗi har cikin ransa. Bai kai rabin reshen ba ƙarar ta fara sanyi. Ya ƙara matsa totur, injin ya yi gurnani, ya shaƙe, ya mutu.

"Har an gama?" in ji matar Yaya, ba ta ko ɗago kai ba.

"Sabo ne, bai saba ba."

Ya kwance murfin tanki ya leƙa, mai na nan fal. Ya mayar, ya ja igiya, injin ya tashi garau kamar ba shi ba. Ya ci itace kaɗan, ya sake langaɓewa.

Auta ya shimfiɗa buhu a inuwa ya zauna. Ya ce sarƙa ce ta yi tsauri, ya sassauta ta. Kafin ya tayar ya sake leƙa tanki, don hannunsa ya saba, direba ba ya kama hanya bai duba mai ba. Injin ya yi aiki, ya waiwayo zai yi mata dariya, dariyar ba ta gama fitowa ba abin ya mutu. Ya ciro matatar iska, fes take, amma ya hure ta. Ya kwance fulogi ya goge da gefen rigarsa. Bayan kowane gyara sai ya leƙa tanki, gyaran ya yi kamar ya ci, sannan a koma gidan jiya.

Rana ta take. Gumi ya haɗu da garin itace ya manne masa a wuya. Abin da ya fi damunsa ba reshen ba ne, yadda labarin zai zaga dangi ne, domin har yau ana ba da labarin rediyon Baba da ya kwance yana yaro aka kwashe a faranti.

Matar Yaya ta kawo masa ruwa, ta tsaya a kansa. "Ko in aiko maka da wuƙar kicin? Ita dai ba ta suma."

Ya jawo zarton, ya murɗa murfin tanki.

"Ka ji ko?" ta ce. "Shi ma ya gaji da kai. Duk sanda ka buɗe masa baki sai ya ja maka tsaki."

Auta ya tsaya da murfin a hannu. Ya mayar, ya tayar, ya yanka har injin ya mutu, sannan ya kara kunne ya kwance a hankali. Tsss. Iska ce ke shiga da ƙarfi. Nan take ya tuna wata tsohuwar mota da ta taɓa yi masa haka a hanya: idan tanki ba ya numfashi, mai ba ya sauka. Ashe duk gyaran da yake yi ba shi ke tayar da injin ba, buɗe murfin ne.

"Anti, ara min allura."

Ya bi jikin tankin da yatsa har ya samu 'yar ƙofar iskar, an liƙe ta da wata leda mai danƙo tun daga kamfani. Ya ɓanɓare ta da bakin allurar. Wannan karon injin bai ko yi tari ba. Kafin inuwa ta juya, reshen ya zama gunduwa-gunduwa, haske ya koma kicin.

Yana tattara kayan aiki a bayan gida sai ya jiyo muryarta ta kan katanga, tana magana da maƙwabciya.

"Ai ƙanin maigidan nan, in dai inji ne, ko daga kamfani ya zo da ciwo sai ya gano shi. Ki bari zan turo miki shi ya sare miki wancan busasshen itacen."

Ya zagayo yana goge hannu. "Anti, me na ji kina cewa?"

"Cewa na yi ka share min garin itacen nan kafin ka tafi." Ta koma kan kekenta. "Kuma ranar hutunka mai zuwa kada ka yi nisa. Na yi wa gidaje alkawari."