Hular Wayoyi a Kan Auta

Tun ranar da Baba ya cika, Yaya ta sa wa ƙaninta Auta ido. Shi kaɗai ke gefen gadon a asibiti, amma da ya fito ko idonsa bai kaɗa ba. Ya ce, "Ya rasu. Wa ya ɗauki cajata?" Washegari ya buɗe shagonsa na gyaran agogo kamar ba a yi komai ba.

Ta ce wa mijinta, "Ruwa ba ya tsami banza. Ko dai ƙwaya yake sha, ko akwai abin da yake ɓoyewa."

"Auta? Wanda ko maganin mura sai an yi dambe da shi?"

Sai kuma ya tsiri rufe shago da hantsi, ya dawo gashinsa na danƙo. In ta tambaya, ya ce, "Aiki." Ran nan ta bi sawunsa har wani gini mai dogon benci a baranda. Ta leƙa ta taga: ga Auta zaune da hula mai wayoyi birjik, an manna su a kansa da wani abu mai danƙo, yana kallon hotunan fuskoki, wasu na kuka, wasu na dariya. A gefe wata likita na duban layuka suna rawa a kwamfuta.

Yaya ta banko ƙofa. "Me kuke zuƙe masa a kai?"

"Yaya, ni na kawo kaina," in ji Auta.

Likitar ta nemi izininsa, sannan ta juyo mata kwamfutar. "Motsin ƙwaƙwalwarsa kawai muke aunawa. Dubi, da fuskar kuka ta fito layin ya motsa, sai dai a makare. Akwai masu jin abu a jiki, amma su kasa gane baƙin ciki ne ko tsoro, balle su faɗa."

"Layi ai ko iska ta kaɗa ya motsa." Ta juya ga ƙaninta. "Kai, faɗa min da bakinka. Me ka ji da Baba ya tafi?"

Auta ya ce, "Ƙirjina ya yi nauyi, hannuna na rawa. Na ɗauka yunwa ce. Na ci abinci, bai tafi ba. Har yau."

Yaya ta dube shi, ta dubi likitar, tana neman alamar haɗin baki. Ba ta gani ba, amma ba ta saki jiki ba. Ta jawo kujera, ta ɗora jakarta a cinya.

"Ku ci gaba, ina nan. Amma Likita, in waya ɗaya ta yi zafi a kansa, ni da ke ne."