Dakarun Torben Talatin

Shekara shida Torben ya yi yana jan mayaƙinsa a wasan da suke yi kan tebur duk Lahadi a garejin Ejvind. Da mayaƙin ya kai mataki na tara, dokar wasa ta ba shi ganuwa da dakaru talatin. Torben ya sayo 'yan mutum-mutumin dalma talatin, ya ƙare sanyin bana yana musu fenti, kowa da sunansa da kalar gemunsa.

To, kowane dakare a cikinsu sara ɗaya ke kashe shi. Kuma Ejvind, mai jan wasan, ba ya dawo da matacce.

Ran nan dodanni suka kama bokanyar da Bodil, abokiyar wasansu, ke ja, suka kulle ta a hasumiya, yanka ya rage.

"Tura mutanenka mana," in ji Bodil. "Ko ado ka tara su?"

"Matakalar ta yi ƙunci. Rabi za su mutu."

"Dalma ce fa, Torben."

"Ke kika yi musu fenti?"

"Ranka ya daɗe, mai ganuwa," Ejvind ya ce yana kurɓar kofi, "dodanni sun gama wasa wuƙa."

Torben ya ji kamar ya kifar da teburin. Da can shi ne mai fara banke ƙofa, ba ya tunanin kowa. Sarautar da ya yi shekaru yana nema ga ta ta ɗaure shi, kuma Bodil ta yi shekara huɗu da bokanyar nan, ba zai bari a yanka ta ba.

"Ni kaɗai zan hau," ya ce. "Su tsaya a ganuwa. Umarni ne."

Ejvind ya jefa ƙwayoyin lido biyu masu lamba don auna biyayyarsu, ya duba littafi, ya sosa ƙeya.

"Sun biyo ka."

"Na ce su tsaya."

"Kai ka ɓata su. Nama kullum, sulke sabo, ba ka taɓa tura ko ɗaya ya taka tarko ba. Sun ce ba za su bar ubangidansu ya mutu shi kaɗai ba."

"Sake jefawa."

"Ba a sakewa, kai ma ka sani."

Bodil ta soma jera su a gindin hasumiya tana murmushi.

"Mutum biyu matakalar ke ɗauka," in ji Ejvind. "Su wa ke gaba?"

Torben ya ɗauki mai jan gemu, ya ajiye. Ya ɗauki na kusa da shi, ya riƙe.