Dokar da Aka Rubuta a Fata

"Baba, cire hannunka, ba a taɓawa," in ji Zuwaira.

Malam Mu'azu ya janye yatsunsa daga gilashin akwatin baje kolin, amma bai ɗauke ido ba. Tun da safe suka hau jirgin ƙasa daga Agege zuwa cikin Ikko, domin Zuwaira ta ji an ce Baturen da ya sa hannu a sabuwar dokar hana shanya fatu kusa da layin dogo zai zo buɗe baje kolin tarihin dokokin ƙasashen Turai. Gobe duba-gari zai rushe mashanyar fatunsu, wadda kakanta ya kafa bayan ya bar soja. Ita kuwa ta gama makaranta, Turanci a bakinta kamar ruwa. Ta yi rantsuwa sai ta gaya wa Baturen magana ido da ido.

Baturen bai zo ba. Masinja ya ce ya tafi hutu.

"Wannan ai fatar maraƙi ce," in ji mahaifinta, yana leƙen wata takarda mai hatimi. "Ashe su ma a kan kayanmu suke rubutu. Ta ina ce?"

Ta duƙa ta karanta bayanin. "Kwafin dokar wata ƙasa ce, Hangari. Shekara ɗari bakwai ke nan. Ta ce sarki ba zai kama mutum ko ya tagayyara shi ba sai an yi shari'a."

Fuskarsa ta washe. "To madalla! Kin ji ko? Kwafe ta, mu kai wa duba-gari."

Zuwaira ta kai layin ƙarshe, ta tsaya. Ya lura.

"Wane mutum take nufi?"

"Masu sarauta kaɗai, Baba."

Ya jinjina kai. Ya sake duban fatar, ya ce wanda ya jeme ta ya iya aiki, sannan ya nemi hanyar fita.

Suka koma Agege a jirgi. Da suka sauka, ba ta nufi gida ba. Ta ɗaure zane a kan rigar makarantarta, ta shiga mashanya, ta kama kwance igiyoyin da aka shanya fatun a kai.

"Bar su mana, gobe leburorin duba-gari za su sauke," in ji shi.

"Wallahi ba mai taɓa su," ta ce. "Mu muka shanya."

Ya matso kusa da ita. Sannan ya kama ɗaya gefen fatar da ta sauke, suka naɗe tare.